Yadda ake saita VPN na wurin aiki a waya da tabulet, ya kuma zauna daram

Da zarar damina ta kankama wayata ba ta hutawa. Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi a nan Gombe, wakilanmu kuwa a warwatse suke, daga Kumo zuwa Bajoga, daga Dukku zuwa Kaltungo, kowa da wayarsa ko tabulet ɗin kamfani yana shigar da lissafin buhunan da suka fita. Kiran kusan ɗaya ne kullum: "Injiniya, abin nan naku ya ƙi." Abin nan namu shi ne VPN. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a waya, ana yi sabis yana ɗaukewa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Ko a banki kake aiki, ko asibiti, ko wata ƙungiya mai tura ma'aikata ƙauyuka, matakan ba su da wani bambanci mai yawa.

Yawancinmu a 2021 muka fara jin sunan VPN, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Kowa ya sauke na kyauta, wayarsa ta riƙa nuna kamar a Amurka ko Jamus yake. Na wurin aiki suna kawai suka haɗa da wancan. Aikinsa shi ne ya shimfiɗa rufaffen bututu daga wayarka zuwa sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke karɓar haɗin, duk abin da ya bi ta ciki a kulle yake, kamfanin layinka ko mai Wi-Fi ɗin da ka hau yana ganin kana magana da wata saba amma bai san me kuke faɗa ba. A can ƙarshen bututun akwai mai gadi. Idan ya tabbatar kai ne, sai ya buɗe maka manhajar lissafi da fayilolin ofis kamar kana zaune a teburinka, alhali kana gindin bishiya a Nafada.

Abin da za ka karɓo daga ofis

Kada ka taɓa wayar tukuna. Je wurin mai kula da kwamfutocin ofishinku, da ƙafarka in da hali, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tambaye shi sunan manhajar da kamfanin yake amfani da ita, don ba kowace ce ke buɗe kowace ƙofa ba. Waɗanda aka fi cin karo da su su ne Cisco Secure Client, wadda a da ake kira AnyConnect, da FortiClient VPN, da GlobalProtect, da OpenVPN Connect, da WireGuard. Wasu ofisoshin ba sa amfani da manhaja ko ɗaya, a cikin saitin wayar ake shigar da komai.

Ka karɓi adireshin sabar, da sunan shigarka, da kalmar sirri. Idan tsarin nasu yana buƙatar satifiket, wato fayil ɗin shaida da waya da saba ke gane juna da shi, ko fayil ɗin saiti, shi ma ka karɓa a nan. Sannan ka yi masa tambaya ɗaya da mutane ba su cika yi ba: in na kunna, duk abin da nake yi a wayar ne zai bi ta kamfani, ko kuwa ayyukan ofis kaɗai? Amsar za ta yi maka amfani nan gaba, ta fuskar data da kuma ta fuskar sirrinka. Daga ƙarshe ka rubuta lambar wayarsa a takarda ka sa a walat. Ranar da wayar ta ɓata, lambar da ke cikinta ta tafi tare da ita.

Gyara wayar kafin a saka komai

Sa wa allon makulli, lamba shida ko fiye, ka ƙara da zanen yatsa in wayar tana da shi. Ka guji shekarar haihuwarka da 123456, ka kuma guji zanen nan mai kama da harafin L da ƙananan yaran gidan duk suka haddace. Wayoyi da yawa ma ba za su karɓi satifiket ɗin kamfani ba sai da makullin allo.

Duba kwanan wata da agogo. A Android ka shiga Settings ka nemi Date & time, a iPhone yana ƙarƙashin General, ka kunna wanda wayar ke saita kanta da kanta. Na sha kwana a kan wannan ƙaramin abu. Satifiket yana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, idan batir ya mutu murus wayar ta tashi da kwanan watan shekarun baya, sai ta ɗauka satifiket ɗin na bogi ne ta ƙi haɗawa, saƙon da za ta nuna maka kuma ba zai ambaci agogo ba.

Sabunta wayar idan akwai sabuntawar da ke jira, ka yi a kan Wi-Fi na ofis don kada ta lashe maka data.

Sai babban: cire duk wani VPN na kyauta, da manhajojin nan na data kyauta da samari ke tura wa juna, da masu toshe talla irin waɗanda ke sa hoton makulli a saman allo. Waya VPN ɗaya take iya riƙewa a lokaci guda, ba a sarki biyu a gari ɗaya. Duk wanda ya tashi daga baya sai ya ture na farko. Wani wakilinmu a Bajoga ya yi kwana uku yana fama, ya haɗa ya yanke, ya haɗa ya yanke. Da ya shigo gari na karɓi wayar, sai ga tsohon VPN na zamanin Twitter an saita shi ya riƙa tashi da kansa. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Wallahi Injiniya yaron gidanmu ne ya saka mini, ni ban ma san yana nan ba." Muna cire shi magana ta ƙare. Kuma ko ba don rikicin ba, banza ba ta kai zomo kasuwa: mai ba ka saba kyauta a ƙasar waje da wani abu yake biyan kuɗinta, ba wurin da za a bi da bayanan abokan cinikin kamfani ba ne.

Saka shi ta manhaja

Wannan ce hanyar da ta fi yawa, ta kuma fi sauƙi. Buɗe Play Store ko App Store, rubuta sunan da aka ba ka harafi da harafi, ka duba sunan kamfanin da ya yi manhajar a ƙasan sunanta: Cisco, ko Fortinet, ko Palo Alto Networks ga mai GlobalProtect. Kada ka karɓe ta ta Xender daga wayar abokin aiki, kada kuma ka sauke fayil ɗin APK daga wani shafi don ka ji an ce ya fi sauƙin data.

Da ka buɗe za ta nemi adireshin saba. Rubuta shi yadda aka ba ka, ka lura da abin gyaran rubutu na waya, yana son ya ƙara sarari bayan aya ko ya mayar da harafin farko babba. Wasu manhajojin suna neman wata lamba da suke kira Port, ita ma daga ofis za ta fito, ba a cankar ta.

A karon farko wayar da kanta za ta tsayar da kai. A Android wani akwati zai fito mai taken Connection request, ka danna OK. A iPhone da iPad za a ce manhajar tana son ƙara saitin VPN, ka danna Allow, ka sa lambar buɗe wayar. Wannan izinin sau ɗaya ake bayarwa. Daga nan sai sunan shiga da kalmar sirri.

Idan OpenVPN Connect ce, za a ba ka ko dai adireshin da za ta ɗauko saitin da kanta, ko fayil mai ƙarewa da .ovpn da za ka shigo da shi ta Upload File. Idan WireGuard ce, yawanci lambar QR ake nuna maka a allon kwamfuta: danna alamar ƙari, zaɓi ɗaukar QR, saita kyamara, ba shi suna, shi ke nan. Amma ka san wannan fayil da wannan QR ɗin su ne makullin kansa. Kada ka ɗauki hoton QR ka ajiye, kada ka tura fayil ɗin ta WhatsApp, kuma da ka gama shigo da shi ka je Downloads ka goge. Kowace na'ura da nata makullin: in kana da waya da tabulet ka nemi biyu. Idan na'ura biyu suka hau saitin WireGuard ɗaya, sai su riƙa ƙwace layin daga hannun juna, kowacce tana aiki rabi-rabi.

Idan a cikin saitin waya za a shigar

A Android wurin ya danganta da kamfanin wayar. A Samsung ka bi Settings, Connections, More connection settings, VPN. A Tecno da Infinix da itel wurin yana sauyawa daga wannan samfuri zuwa wancan, don haka kada ka wahalar da kanka: buɗe Settings, rubuta VPN a wurin bincike na sama. Danna alamar ƙari. A Name ka rubuta abin da za ka gane, misali Ofis. A Type ka zaɓi irin da aka faɗa maka. Idan suna da kalmar sirri aka ba ka, IKEv2/IPSec MSCHAPv2 ne. Idan kalmar sirri ta bai ɗaya aka ba ka, mai PSK. Idan satifiket ne, mai RSA. Cika Server address da IPSec identifier yadda aka rubuta maka, ka ajiye, ka danna sunan ka haɗa.

A iPhone da iPad: Settings, General, VPN & Device Management, VPN, Add VPN Configuration. Zaɓi IKEv2, cika Description da Server da Remote ID, sannan suna da kalmar sirri, ka danna Done. Remote ID ɗin nan shi ke ka da mutane. Sau da yawa daidai yake da adireshin saba, sai mutum ya ga kamar maimaici ne ya bar shi fayau, haɗin kuma ya ƙi. Idan ofis fayil ɗin saiti suka turo maka, buɗe shi da Safari ko Mail, ka koma Settings nan take za ka ga Profile Downloaded a sama. Kada ka tafi salla ka dawo: in ba ka girka shi cikin minti 8 ba wayar za ta goge shi, sai ka sake saukewa.

Wani abu da ya kamata ka sani idan ka sayi sabuwar waya saitin da ka saba ya ɓace: Apple ta cire tsohon tsarin PPTP tun iOS 10 a 2016 saboda rauninsa, Android ma daga na 12 ta daina ba da PPTP da L2TP a sababbin wayoyi. Wayarka lafiyarta ƙalau, ofis ne ya kamata su sabunta nasu.

Makulli na biyu

Kamfanin da ya san abin da yake yi ba zai tsaya a kalmar sirri ba. Za a sa ka saka Microsoft Authenticator ko Google Authenticator ko makamancinsu, ka ɗauki wata QR sau ɗaya, daga nan manhajar ta riƙa ba ka lamba shida mai sauyawa duk daƙiƙa 30. Wannan lambar ba ta buƙatar sabis, da agogon wayar take lissafi, shi ya sa na dage a kan agogo tun farko. Na fi son ta a kan saƙon tes, don wanda ke bayan Dukku yana iya jiran tes minti goma, kafin ya iso lambar ta mutu.

Wani tsarin kuma tambaya yake turowa wayar ka amince ko ka ƙi. Idan irin wannan tambayar ta shigo alhali ba kai ka nemi shiga ba, ko da tsakar dare ne, ka danna ƙi, ka kira ofis da safe. Wani ne ya riga ya sami kalmar sirrinka yana jiran ka buɗe masa. Kuma babu ma'aikacin kwamfuta na gaskiya da zai kira ka ya ce karanto mini lambar da ta fito.

Gwada shi tun kana gari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kashe Wi-Fi na ofis, ka hau datar layinka, sannan ka kunna VPN. Gwaji a kan Wi-Fi na ofis yaudarar kai ne, don a can kana cikin gida ko da VPN ko babu. A Android za ka ga ɗan hoton makulli a saman allo, a sababbin iPhone sai ka jawo allon daga kusurwar sama ta dama ka ga rubutun VPN.

Hoton makulli kaɗai bai isa shaida ba, musamman a WireGuard, wadda ke nuna a kunne take ko da ba ta sami sabar ba. Shiga cikinta ka duba layin Latest handshake. In ya nuna daƙiƙu ko minti ɗaya zuwa biyu da suka wuce, an gaisa. In babu layin sam, ba a gaisa ba. Shaidar da ta fi kowacce ita ce ka buɗe abin da ba ya buɗuwa sai a ofis, ka shigar da wani ɗan abu, ka ga ya shiga. In kana da layi biyu, gwada kowanne, MTN daban, Airtel ko Glo daban, ka san wanda ya fi ɗauka.

Yadda za ka hana wayar kashe shi

Nan ne aikin yake. Saitawa minti goma ne, amma mafi yawan kiran da nake samu daga mutanen da komai nasu daidai yake ne, wayar ce kawai ke shaƙe manhajar da zarar allo ya mutu. Wayoyin da muka fi riƙewa an ƙera su ne su tattala batir ko ta halin ƙaƙa, kuma ba su san bambancin wasan yara da VPN na ofis ba.

Danne hoton manhajar ka riƙe, shiga App info, nemi Battery, ka zaɓi Unrestricted ko Don't optimise, duk wanda wayarka ta rubuta. A wurin dai ka duba ɓangaren data, ka kunna Background data, idan kuma kana amfani da Data Saver ka ba manhajar Unrestricted data. A Tecno da Infinix akwai ƙarin mataki: shiga Phone Master ka nemi wurin da ake ba manhaja izinin tashi da kanta ka kunna wa VPN, sannan a jerin manhajojin da ke buɗe ka sa mata alamar makulli don kada sharar da wayar ke yi ta kwashe ta. Ka kuma rage danna maɓallin nan na share komai da hannu ya saba da shi. Yanayin tsananin tattalin batir, wanda ke barin kira da tes kawai, yana kashe VPN gaba ɗaya. Wanda zai wuni a ƙauye ya tafi da fawabank.

A Android, kusa da sunan VPN ɗin a Settings akwai alamar saiti, ciki akwai Always-on VPN da Block connections without VPN. Na farkon yana sa ya tashi da kansa duk lokacin da ya faɗi ko aka kunna waya. Na biyun yana toshe intanet baki ɗaya muddin VPN bai haɗu ba. A tabulet ɗin kamfani da aiki kawai ake yi da shi, ina kunna duka biyun. A wayar mutum ta kansa ba na ba da shawarar na biyun sai in ofis ya wajabta, domin ranar da sabar ta sami matsala ko wuta ta ɗauke a ofis, ko WhatsApp ba za ka iya buɗewa ba, ka zauna kana zargin kamfanin layi. A iPhone abin da ya yi kama da wannan shi ne Connect On Demand, in ofis sun saka shi a saitin.

Sai maganar data, wadda ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. VPN yana ƙara ɗan nauyi a kan duk abin da ka tura, amma ba shi ne ke cinye data ba. Abin da ke faruwa shi ne, datar nan mai araha ta WhatsApp da Facebook kaɗai ba ta ɗaukar VPN. Kamfanin layi yana gane ta ne ta hanyar ganin inda kake zuwa, VPN kuwa ya rufe masa ido. Saboda haka in datar soshiyal kawai gare ka, haɗin ba zai yiwu ba. In kuma kana da duka biyun, tsarin ofishinku kuma mai kwashe komai ne, to hirar WhatsApp ɗin ma daga babbar datar za a cira, ta soshiyal tana ajiye. Danna *323# kafin ka fita ka ga irin datar da ta rage maka. Da ka tashi daga aiki ka kashe VPN kafin ka shiga kallon bidiyo.

A kan hanya, misali daga Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri, sabis yana hawa yana sauka, wani wurin ya ɗauke ɗif. IKEv2 da WireGuard sun fi jure wannan, suna ci gaba da kansu idan sabis ya dawo ko ka sauya daga Wi-Fi zuwa data. Wasu manhajojin kuwa sai sun sake neman lamba. Ko wanne ne, kada ka tura dogon lissafi mota tana gudu. Jira a tsaya, ka ga sandunan sabis sun zauna, ka tura, ka tabbatar ya shiga kafin ka sake dannawa, don kada buhu hamsin ya zama ɗari a littafin kamfani.

Wi-Fi na otal da raba data

Idan ka je taro a otal, hau Wi-Fi ɗin tukuna, buɗe burauza ka cika shafin da ke neman lambar ɗaki ko kalmar shiga, sannan ka kunna VPN. In ka juya tsarin, VPN zai tare shafin, shafin kuma ya tare VPN. Idan ana tsakiyar haɗawa aka nuna maka gargaɗi cewa satifiket ɗin sabar ba abin yarda ba ne, kada ka danna ci gaba. Sauka daga Wi-Fi ɗin ka koma datarka.

Wanda ya kunna VPN a waya ya raba wa kwamfutarsa data ta Hotspot ya sani kwamfutar ba ta cikin bututun. A yawancin wayoyi abin da aka raba yana fita ne kai tsaye. Kwamfutar tana buƙatar nata VPN ɗin, haka ma tabulet.

Me ofis yake gani?

Wata Hajiya a sashen kuɗi ta taɓa tsare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, faɗa mini gaskiya, in na saka abin nan hotunan jikokina za ku riƙa kallo?" Na ce, "A'a Hajiya, ko kusa." VPN shi kaɗai ba ya buɗe hotuna ko tes ko lambobin da ke waya, kiran waya da lambobin banki da ake dannawa da tauraro ma ba sa bi ta cikinsa. Abin da ofis ke gani shi ne lokacin da ka haɗa da yawan datar da ta wuce. Idan tsarin mai kwashe komai ne, suna iya ganin sunayen shafukan da ka ziyarta yayin da yake kunne, amma ba abin da ka rubuta a WhatsApp ba, wannan a kulle yake tun daga wayarka. Wasu manhajojin banki ma ba sa son ganin VPN, in taka ta ƙi buɗewa kashe shi ka sake gwadawa.

Abin da ya bambanta shi ne idan an sa ka saka manhajar kula da na'urori, irin Intune Company Portal. A Android takan raba wayar gida biyu, manhajojin aiki su fito da ɗan hoton jaka, ofis yana da iko da wannan ɓangaren kuma yana iya goge shi daga nesa ba tare da ya taɓa naka ba. Tabulet ɗin da kamfani ya saya kuwa duka a hannunsu yake. Ka tambaya kafin ka amince, haƙƙinka ne.

Idan ya ƙi

Kafin ka kira, bi wannan a jere. Kashe VPN ka buɗe kowane shafi, in bai buɗu ba matsalar data ce ko sabis. Kunna yanayin jirgin sama ka kashe. Duba agogo. Tuna ko ka sauya kalmar sirrin imel ɗin ofis kwanan nan, don sau da yawa ita ce ta VPN, manhajar kuma tana ta tura tsohuwar har a kulle ka. Kada ka yi ta gwada kalmar da ba ka tabbatar ba, bayan 'yan kurakurai yawancin tsare-tsare suna rufe mutum. Idan ya haɗu amma shafukan ofis sun ƙi buɗewa, nemi Private DNS a Settings na Android, in wani ya rubuta adireshin toshe talla a ciki mayar da shi Automatic. Sauya layi. Kashe wayar ka kunna. In duk ya ƙi, ɗauki hoton allon da saƙon kuskuren ka tura wa mai kula da ku, tare da inda kake da layin da kake kai. "Ya ƙi" kaɗai ba ta gaya mini komai.

Ranar da wayar ta bar hannunka

Idan aka sace ta ko ta faɗi a Keke Napep, kira na farko na ofis ne, kafin ma ka je neman dawo da layi. Cikin 'yan mintoci za a soke makullin na'urar a sauya kalmar sirri. Kada kunya ko tsoron faɗa su sa ka jira gobe ko za ta fito. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su, kamfanin kuwa ba zai san ya motsa ba sai ka faɗa. Bayan nan ka sa a toshe layin, ka shiga asusunka na Google ko Apple daga wata na'ura ka kulle wayar ko ka goge ta.

Haka idan za ka kai ta gyara: in allon yana aiki, fita daga VPN da manhajojin ofis tukuna, in kuma mai gyara ya ce sai ka ba shi lambar buɗewa, tsaya a kansa ya gwada a gabanka. A shagon caji ka bar ta a kulle, gara ma a kashe. Tabulet ɗin aiki kuma ba na kallon katun ba ne, ko yaro ya yi kukan duniya.

In za ka sayar ko ka sauya sabuwa, ka saita sabuwar tun tsohuwar tana hannunka, musamman manhajar lambobin nan shida, domin asusun aiki ba kasafai yake bin ka sabuwar waya da kansa ba. Ka gwada sabuwar a kan data ka ga ta buɗe shafin ofis, ka ce a soke makullin tsohuwar, ka cire asusunka na Google ko Apple daga cikinta, sannan ka yi mata Factory reset kafin ka miƙa wa mai saye.